Matar da ta ƙi sayar da waƙarta da araha

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu rubuta waƙa a nan makaranta, ku zo ku ji tarihin Carrie Jacobs-Bond.

An haife ta a 1862 a garin Janesville, jihar Wisconsin ta Amurka. Aurenta na farko ya mutu, ta fito da ɗa guda, Frederick. Ta sake auren wani likita, Frank Bond, shi kuma ya rasu a 1895 bayan ya faɗi a kan ƙanƙara. Bai bar mata dukiya ba, ga ta da ciwon sanyin ƙashi. Sai ta tattara ta koma Chicago, tana ba da hayar ɗakuna, tana zane a jikin kwanukan tangaran don su ci abinci ita da ɗanta.

A wancan zamanin babu rediyo. Kuɗin waƙa yana cikin takardar da ake buga baitoci da alamomin kiɗa, mutane su saya su je gida su kaɗa a fiyano. Wanda ya buga takardar shi ke kwashe riba, marubuci kuwa a sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanonin ma ba su ɗauki waƙoƙinta da muhimmanci ba.

To me ta yi? Ta buɗe nata kamfanin, wanda aka sani da Carrie Jacobs-Bond & Son. Ita ke rubuta baitoci, ita ke sa kiɗa, ita ke zana bango, ita ke yawo tana rerawa a gidajen mutane don a san hajarta. A 1901 wata mawaƙiya, Jessie Bartlett Davis, ta taimaka mata da kuɗin buga kundin waƙoƙi bakwai. A ciki akwai "I Love You Truly", wadda ta sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, ta zama waƙar bikin aure a Amurka. A 1910 ta fitar da "A Perfect Day", wadda ta fi ta kasuwa. Tunda haƙƙin mallakar na hannunta, ribar gidanta ta shiga. Har fadar White House ta je ta rera wa Shugaba Theodore Roosevelt.

Duk da haka jarrabawa ba ta ƙyale ta ba, domin daga baya ta rasa ɗan nata tilo, abokin kasuwancinta. Ita ta rasu a 1946 a California.

Kun dai san yadda abin yake a wajenmu: yarinya ta rubuta baitoci masu daɗi, a ba ta kuɗin kati, waƙa ta zaga duniya, ko sunanta ba a sa ba. Don Allah kafin ki miƙa rubutunki ga kowa, ki tambayi wa zai mallake shi, kuma a rubuta amsar a takarda, kowa ya sa hannu.