Rufin mota mai buɗewa da ke aiki yau ya ƙi gobe: inda ake fara neman matsalar

Da yawa daga cikin motocin okaziyo da suka shigo Nijar ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome sun zo da rufi mai buɗewa, wanda ake kira toit ouvrant da Faransanci. An ƙera shi ne don ƙasashen da ake marmarin rana. A Maradi ko Damagaram kuwa, rufin yakan yi wata da watanni ba a taɓa shi ba, ranar da aka buɗe shi kuma sai ya tsaya a rabin hanya, ko ya rufe ya sake komawa baya da kansa, ko ya yi shiru da rana ya dawo aiki da dare. Idan hakan ya faru hadari na haɗuwa, ba maganar kwalliya ba ce: ruwa zai sauka kan kujeru, ya ratsa ƙarƙashin kafet inda wayoyi da akwatunan lantarkin wasu motoci suke.

Abin da ke jan gilashin ƙaramin injin lantarki ne mai aiki da volt 12, wanda masu gyara ke kira moter. A yawancin motoci yana ɓoye a bayan fitilar cikin mota, sama da madubin tsakiya. Yana juya ƙaramin pinyo, shi kuma pinyon yana tura kabul biyu da ke cikin layukan gefen rufin. Moter ɗin da ya ƙone gaba ɗaya ba ya farfaɗowa da dare. Saboda haka rufin da ke yi yana dainawa sau da yawa moter ɗinsa lafiya lau yake, wani abu ne ke takura masa, kuma sayen sabo tun farko asarar kuɗi ce.

Kunne ne ma'aunin farko. A kunna kontak, a kashe rediyo, a danna maɓallin. Idan ana jin moter yana gurnani amma gilashi bai motsa ba, ko yana tafiya da ƙyar, wuta na isa, matsalar tana ga layuka, kabul ko haƙoran pinyo. Idan an ji ƙaramin sautin "ƙyas" kawai, rele ya amsa, sai a dubi wayar da ta tashi daga gare shi zuwa moter da moter ɗin kansa. Idan babu sauti ko kaɗan, a koma baya wajen fuzibul da maɓalli.

A ƙasar nan, layukan ne suka fi kawo wannan ciwo. Ƙurar hunturu tana shiga ta gefen robar rufin ta gauraya da tsohon giris, ta zama kamar laka, zafin bazara kuma ya busar da ita. Moter yana jan wuta fiye da ƙima don ya tura gilashin, ya yi zafi, sai makarin zafi da ke cikinsa ya yanke wutar. Bayan ƴan mintoci ya huce, ya koma aiki kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa rufin ke ƙin motsi da ƙarfe biyu na ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, amma ya amsa da asuba. Motocin da ba su tsufa sosai ba suna da wani kariyar kuma: idan gilashi ya ji turjiya yana rufewa, na'urar tana ɗauka hannun yaro ne ya shiga, sai ta mai da shi baya. Na'urar ba ta bambance hannu da dunƙulen ƙura ko ƴar tsakuwa. Maganin shi ne a buɗe rufin iya buɗewa, a zuƙe ƙurar, a goge tsohon giris da tsumma har ƙarfe ya fito, sannan a shafa giris na silikon kaɗan. Baƙin mai na inji, da wasu ke ɗigawa don sauri, kwana kaɗan ne yake tara ƙurar da ta fi ta da, yana kuma lalata roba.

Bayan layuka sai batir. Mota a kashe, mita ya kamata ta nuna wajen volt 12,4 zuwa 12,6. Inji na tafiya, tsakanin 13,5 da 14,5. Rufin da ke aiki idan inji na tafiya ya ƙi idan an kashe shi, batir yake nunawa. Akwai kuma abin da masu mota da yawa ba su sani ba: idan an cire batir ko ya mutu, na'urar rufin takan manta inda buɗewa da rufewa suke ƙarewa, sai ta riƙa tafiya guntu-guntu. A motoci da dama ana tuna mata ta hanyar danna maɓallin ɗaga bayan gilashi a riƙe shi na wasu daƙiƙoƙi har rufin ya motsa da kansa, amma tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, littafin motar ne ke faɗin nata.

Fuzibul da ya ƙone ba ya sa rufi ya yi ya daina, kashe shi yake yi ɗungum. Wanda ya yi sako-sako a mazauninsa ko ƙafafunsa suka yi tsatsa shi ne ke wasa da mutum. Idan za a canza shi, a sa mai lamba ɗaya da na da. Ɗaura waya a madadinsa hanyar gobara ce. Maɓalli kuma yana tona kansa: idan rufi na buɗewa kullum amma rufewa sai an matsa da ƙarfi ko an karkata yatsa, bakin ƙarfen da ke ciki ne ya ci. Haka wayar mas da ta saki, ko fish ɗin moter da ya yi kore. Ana gane su idan mutum ɗaya ya riƙe maɓalli, wani yana girgiza wayoyin a hankali.

Fish mai kore yana nuna ruwa ya taɓa shi. Rufin yana da tire a ƙarƙashinsa mai ƙananan tiyo, galibi huɗu, da ke saukar da ruwa ta ginshiƙan mota zuwa ƙasa. Wata takwas na ƙura sun isa su toshe su, ruwan farko na damina sai ya cika tiren ya zubo kan moter. Ana gwadawa da kofin ruwa a kowace kusurwa, a duba ko ya fito ƙarƙashin mota. Ana buɗe su da igiyar roba mai laushi. Iskar kwamfaresa mai ƙarfi tana iya fizge tiyon daga mazauninsa a cikin silin, gyaran ya ninka.

Sai an wuce duk waɗannan ake zargin moter. Idan mita ta nuna volt 12 a bakinsa lokacin da ake danna maɓalli amma bai juya ba, kuma ɗan bugu da gindin sukurdireba ya tashe shi, sharbon ɗinsa ne suka cinye. Ƙwararren mai gyaran wutar mota yana iya buɗe wasu ya canza sharbon ya goge inda suke gogawa. Idan sai an saya, a tafi kasuwar kayan gyara da tsohon a hannu a gwada lambar da ke jikinsa, domin kamfanoni irin su Webasto da Inalfa suna ƙera wa motoci daban-daban moter masu kama da juna a ido amma fish ko pinyonsu ya bambanta. Mai sauke silin kuma ya cire batir tukuna, saboda jakunkunan iska na gefe a nan suke kwance a motoci da yawa.

Idan rufi ya maƙale a buɗe a kan hanya, motoci da dama suna da rami mai kusurwa shida a tsakiyar moter. Ana cire murfin fitilar ciki, a sa makullin alen, sau da yawa mai milimita 4 ko 5, a juya a hankali har gilashin ya zauna. Idan ya cije kada a tilasta, haƙoran kabul ne za su tafi. Bayan ya rufe, wanda ba shi da halin gyara a lokacin yana iya zare fish ɗin moter don kada yara su sake buɗe shi kafin a kai garaji.