Malamin da ke Kwana a Gari

Makarantar boko ta iso gabashin Sakkwato a makare, kuma ba da maraba aka tarbe ta ba. Masu cewa mutanen Gobir sun ƙi ilimi ba su san ƙasar ba. A Ɗagel Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa, har ana cewa Yunfa, sarkin da aka kashe a Alƙalawa a 1808, ya taɓa zama gabansa yana ɗaukar karatu. Abin da iyayenmu suka yi wa kallon tsoro shi ne makarantar mutanen da suka ci Sakkwato da yaƙi a 1903.

Saboda haka sai da ƙarfin sarauta aka cika azuzuwan farko. En'e ce ke buɗe elimantare a garin hakimi, hakimi ya aza wa kowane dagaci kason yaran da zai kawo. Dattawanmu na Isa da Sabon Birni sun sha ba mu labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tsallaka da shi wajen dangi a Tsibiri ko Maraɗi har ƙura ta lafa. Mai hali kuwa yakan tura ɗan baransa a madadin nasa, kuma da yawa sun yi cizon yatsa daga baya.

Tsanin karatun siriri ne ƙwarai. Daga elimantare sai Midil ta Sakkwato ga 'yan ƙalilan, daga nan sai Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Waɗanda suka hau shi har ƙarshe, alli aka fara miƙa musu. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931 ya dawo yana koyarwa a Midil kafin ya zama hakimin Raba. Shehu Shagari, wanda ya fara karatu a elimantaren Yabo, ya koyar da kimiyya a Midil ɗin, ya kuma yi hedimasta a Argungu. Wannan ya ba malanta wani kwarjini da muka taras da sauransa: a ƙauye, in ka cire hakimi da alƙali da liman, ba wanda ake jin maganarsa kamar malamin makaranta.

Mu 'yan zamanin UPE ne. A Satumbar 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shi, ta ce kowane yaro zai yi firamare kyauta, sai makarantu suka bazu har garuruwan bakin iyaka irin su Burkusuma. Yara suka fi ƙarfin azuzuwa, aka koma gindin bishiya da rumfar zana. Malamai ma ba su isa ba, aka riƙa horar da mu cikin gaggawa a kwalejojin horon malamai, har da ɗaukar waɗanda firamare kawai suka gama. Ba zan ce duk mun ƙware ba. Amma akwai abu guda da tsarin ya tilasta mana, kuma a ganina shi ne ya yi aikin: inda aka tura ka, nan za ka zauna. Babu mota sai ranar kasuwa, da damina kuwa gulbi kan raba ka da gida na tsawon makonni. Mai gari zai ba ka ɗaki, wani gida ya riƙa aiko maka da tuwo, a masallaci kana sahu ɗaya da iyayen yaran da ka tsawata wa da safe.

Malamin da ke kwana a gari ya san abin da rajista ba ta nunawa. Ya san yaron da ke gyangyaɗi a aji ya kwana gadin shanu ne, ya san yarinyar da ta daina zuwa an kawo kuɗin gaisuwarta. Bayan la'asar sai ya sa hula ya tafi zauren uban, su gaisa, su yi zancen gero da wake, can daga ƙarshe ya ce, "Baba, a bar mini yaron nan ya zauna jarrabawa, in bai ci ba ni da kaina zan maido maka shi gona." Sau da yawa uban yakan ce ya ji, don yana jin nauyin mutumin da ya rubuta masa wasiƙa zuwa ga ɗan'uwansa a Legas, ya kuma karanta masa amsar. Ga darasin dare da fitilar ƙwai gab da jarrabawar shiga sakandare, ga kuɗin hoto da na mota da hedimasta ke cirewa daga aljihunsa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Littattafan Hausa 'yan kaɗan ne a akwatin makaranta, amma Magana Jari Ce ɗaya takan zagaye aji har bangonta ya cire. In ka tambayi likita ko jami'in kwastan ko lakcara ɗan wannan yanki yadda aka yi ya fita, da wuya ya ambaci wani shirin gwamnati. Sunan malami guda zai kira maka, yawanci na aji biyar ko shida.

Da kuɗin mai suka ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya fara yin watanni bai zo ba, malamai suka koma noma da 'yar tireda. Aka yi ta jefa nauyin firamare tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe kwalejojin da suka horar da mu. Takardar ta fi girma, ba musu, amma a tsohuwar kwaleji shekara biyar ake yi ana koya maka tsayuwa gaban yaro, da rubutun allo, da tsara darasi. Aliyu Wamakko, wanda ya zama gwamna a 2007, ta irin wannan kwalejin ya bi a Sakkwato.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, lokacin da Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, yake gwamna. An samu azuzuwan bulo da kwano da benci. Sai dai hanya da babur sun kawo abin da ba wanda ya yi lissafinsa: malami ya koma kwana a hedikwata, ya iso ƙauye da hantsi, ya juya kafin azahar. Iyayen yara ba su san sunansa ba, shi ma bai san ƙofar gidansu ba.

Sannan 'yan bindiga suka zo. A Mayun 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Disambar shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na yankunan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. A Satumbar 2021 aka kai hari sansanin jami'an tsaro a Burkusuma, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa aka kashe shi. Garin da sarki bai tsira ba, wa zai ce wa malami baƙo ya kwana? Iyalai da yawa sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu sun cika manyan garuruwa, wasu azuzuwan ma sun zama masaukin 'yan gudun hijira.

Waɗanda suka rage suna koyarwa a ƙauyukan yanzu galibi 'yan garin ne, masu NCE ko sakandare, wasu da albashi, wasu sa-kai, suna buɗe aji ranar da aka kwana lafiya. Su ya kamata hukumar ilimi ta fara nema ta ɗauka aiki, ta horar da su a inda suke, tun da dai ba sa bukatar kowa ya ba su ɗaki.