Gaskit ɗin kan inji: Yadda ake gane ya ƙone, da abin da gyaransa ke buƙata

Daga cikin maganganun da mai mota ba ya son ji daga bakin bakanike akwai cewa gaskit ya ƙone. Shi kansa gaskit ɗin ba shi ne mai cin kuɗi ba, aikin kaiwa gare shi ne, domin sai an kwance kusan rabin inji. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne a biya kuɗin aikin, bayan 'yan makonni motar ta koma gidan jiya, saboda an canza gaskit an bar abin da ya ƙona shi.

Aikinsa a cikin inji

Injin mota ya kasu gida biyu. Akwai gangar jiki, wadda bakanikai ke kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka a cikin silinda. Akwai kuma kan inji, wanda ke ɗauke da bawul da fulogi, ana ɗora shi a sama a ɗaure da dogayen kusoshi. Gaskit wani siririn faifai ne mai ramuka da ake shimfiɗawa tsakanin su biyun. Abubuwa uku ne ke ratsa wannan mahaɗa: iskar wutar da fetur ke haifarwa idan ya kama a cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Kowanne da hanyarsa, kuma aikin gaskit shi ne hana su haɗuwa ko tsiyaya waje. Yawancin injunan zamani suna amfani da gaskit na siraran fallayen ƙarfe da aka jera, tsofaffin motoci kuwa na haɗin zare da girafait.

Dalilin da ya sa yake ƙonewa

Babban dalili shi ne zafin da ya wuce kima. Inji mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyas. Kan inji a yawancin motocin yau da alminiyam ake yin sa, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan zafi ya yi yawa, kan yakan ɗan lanƙwashe, ya daina danne gaskit daidai, sai iskar wuta ta sami kafa ta ci gefensa.

Zafin kuwa yana da tushe: lagireto mai yoyo ko wanda ya toshe, fanka da ta daina juyawa, famfon ruwa da ya gaji, tiyo da ya tsage, ko murfin lagireto da ba ya riƙe iska. Wannan murfi ana raina shi, alhali aikinsa babba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Idan robar murfin ta lalace, ruwan zai tafasa tun inji bai yi wani zafin kirki ba, musamman a cunkoson Legas ko a zafin watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejojin Najeriya waɗanda ke ƙara dagula lamarin. Na farko, zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla maimakon ruwan sanyaya inji na kwalba. Ruwan zalla yana kawo tsatsa da dasashi, ya toshe ƙananan bututun lagireto, ya kuma ci alminiyam a hankali; na kwalba yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma yana jure zafi fiye da shi. Na biyu, cire tamostat daga motocin Kwatano da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Tamostat yana buɗewa ne da kansa idan ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, saboda inji ya tsaya a zafin da aka tsara masa. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, kuma ainihin cutar da ta sa motar ke zafi tana nan a ɓoye. Tamostat da ya maƙale canza shi ake yi.

Alamomi, da waɗanda ke yaudara

Alamar tana bin inda gaskit ya fashe. Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, ruwa zai riƙa raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri zai riƙa fita daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, kuma za a ga kumfa na tasowa a bakin lagireto. Tiyon sama yakan yi tauri jim kaɗan da tayar da inji, tun ruwa bai yi zafi ba, domin iskar wuta ce ke cika shi. Idan aka kwance fulogai, na silindar da ruwa ke shiga yakan fito fes kamar an wanke shi, sauran kuma da ɗan baƙinsu.

Idan tsakanin ruwa da mai ne, baƙin mai zai koma kalar shayi mai madara, ko a ga maiƙo a cikin ruwan lagireto. Idan kuwa tsakanin silinda biyu ne, babu hayaƙi babu haɗuwar ruwa da mai, sai dai inji ya riƙa rawa, ƙarfinsa ya ragu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta isa hujja ita kaɗai. Farin tururi da sassafe a lokacin hunturu, a gari irin Jos, raɓa ce kawai, tana ɗaukewa da inji ya ɗumama. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai yana samuwa a motar da ba ta yin tafiya mai nisa. Na'urar sanyaya mai idan ta fashe ita ma tana haɗa ruwa da mai, gaskit na nan lafiya ƙalau. Tsagewar kan inji kuma tana nuna kusan duk alamomin ƙonewar gaskit.

Saboda haka kafin a kwance ko kusa ɗaya, mai mota na da haƙƙin neman a yi gwaji. Mafi sauƙi shi ne gwajin sinadari: ana ɗora wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke ciki, idan akwai hayaƙin silinda, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore a injin dizal. Sai gwajin matsin silinda, inda ake ɗaura ma'auni a ramin kowane fulogi. A inji mai lafiya bambancin da ke tsakanin silinda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ne babban abin zargi. Akwai kuma famfon hannu da ake matsa iska da shi cikin lagireto a ga ko za ta tsaya. Shi ne ke tona yoyon waje, wanda gyaransa bai kai na gaskit wahala ba ko kusa.

Gyara

Ba a kwance kan alminiyam sai inji ya huce sarai, kuma ana sassauta kusoshi ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Da an ɗaga kan, aiki mafi muhimmanci shi ne auna shi. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da a kwance da a karkace, a cusa siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. A injuna da dama lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, wato kaurin gashin kai ke nan, abin da ido ko tafin hannu ba zai gane ba. Idan ta wuce haka sai a kai wa masu injin gogewa su daidaita fuskar, su kuma duba ko akwai tsagewa. Gogewar ma tana da iyaka: kan da aka sha gogewa yakan yi siriri har ya zama dole a nemi wani. A auna fuskar bulok ita ma.

Wajen mayarwa, kowane inji yana da adadin ƙarfin ɗauri da jerin da kamfani ya rubuta, yawanci daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye biyu ko uku. Wannan aikin sifana mai ma'auni ne. Ɗauri da ƙiyasin hannu, ko ƙara wa sifana bututu don a ji ta kama, yana daga cikin dalilan da ke sa sabon gaskit ya kasa daɗewa. Yawancin injunan zamani suna da kusoshin da ke ɗan miƙewa idan aka ɗaure su, don haka ana canza su ne, ko a auna su kafin a mayar. Ba a shafa wa gaskit na ƙarfe gam sai inda littafin injin ya ce.

Wasu injuna suna da nasu hali. Injin Toyota mai lamba 2AZ-FE, mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2002 zuwa 2006 da ta cika titunan ƙasar nan, an san shi da lalacewar zaren ramukan kusoshi a jikin bulok. Idan haka ta faru, sabon gaskit kaɗai ba zai riƙe ba sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramukan. Injin V6 kuma kai biyu gare shi da gaskit biyu, kuma hikima ce a duba duka tunda zafi ɗaya suka sha.

A kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Apo a Abuja, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ana samun gaskit kala-kala a farashi daban-daban. A saya da lambar inji, ba da sunan mota kawai ba, kuma ragin da za a samu a kan mai araha bai kai kuɗin sake kwance inji ba. Ruwan liƙi na kwalba da ake zubawa a lagireto yana iya tsayar da ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, amma yana iya toshe lagireton kansa.

Bayan an haɗa, a canza baƙin mai da matatarsa, a wanke hanyoyin ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, sannan a koma kan abin da ya kawo zafin tun farko: fanka, tamostat, famfo, murfi da lagireto. A kuma ajiye ruwan sanyaya inji nesa da yara da dabbobi, domin yana da ɗan zaƙi kuma guba ne.

Idan allurar zafi ta haura a kan hanya

A nemi gefen hanya a kashe inji nan take. 'Yan mintoci na tafiya a wannan hali sun isa su lanƙwasa kan inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, domin tafasasshen ruwan na iya fesowa ya ƙona fuska da hannu, kuma kada a sheƙa ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Idan bayan ya huce aka murɗa makulli inji ya ƙi juyawa, ko ya juya ya cije, a bar shi. Mai yiwuwa ruwa ya cika silinda, ruwa kuma ba ya matsuwa, tilasta shi na iya lanƙwasa sandar fistin. Motar jan ta za a yi zuwa gareji.