Daga Atlanta zuwa Zariya: yadda bin sawun annoba ya zama sana'a

Idan aka ce maka aikin lafiya, mai karatu, abin da zai fara zo maka a rai shi ne likita da farar riga, ko nas tana ɗaura wa majiyyaci ruwa. To amma akwai wasu ma'aikatan lafiya da ba kasafai ake ganinsu a asibiti ba. Su ne waɗanda idan aka ce amai da gudawa ya ɓarke a wata unguwa, ko yara suna ta mutuwa a wani ƙauye ba a san dalili ba, za su ɗauki littafi da biro su shiga gida-gida suna tambaya: wa ya fara kwanciya? Yaushe? Daga wace rijiya kuke ɗiban ruwa? Likita mutum ɗaya yake dubawa, su kuwa gari guda suke dubawa. Iliminsu shi ake kira ilimin bin diddigin cututtuka, wato nazarin yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a, wa take kamawa, a ina, kuma me ya sa.

Matasa da dama suna tambayar ta ina ake shiga wannan aiki. Amsar tana cikin tarihinsa, domin sana'a ce da ake koya a fagen aiki, a gaban wanda ya riga ka, kamar yadda yaron maƙeri ke koyon ƙira yana riƙe da zuga-zugi.

Famfon Landan

A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. A lokacin masana sun ɗauka warin ƙazanta da gurɓatacciyar iska ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gidajen da aka yi rasuwa, ya zana su a taswira, sai ya ga sun taru a kewayen wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Har ya gano wata mata da ke zaune nesa da unguwar ta mutu da cutar, ashe daga wannan famfo ake kai mata ruwa don tana son ɗanɗanonsa. Hukumar unguwa ta cire mariƙin famfon.

Ka lura fa, Snow bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba. Ƙirga da tambaya da taswira kawai ya yi amfani da su. Kuma aikin sa-kai ya yi, don shi sana'arsa sa wa marasa lafiya maganin barci lokacin tiyata. Daga baya an buɗe makarantun kiwon lafiyar al'umma, irin ta Jami'ar Johns Hopkins a 1916, amma tsayayyen tsari na ɗaukar matasa a horar da su a bakin annoba sai bayan kusan shekara 100 ya samu.

Takalmi mai huda

A 1946 Amurka ta kafa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC a birnin Atlanta, kuma aikinta na farko yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ne. A 1949 aka ɗauko wani malami daga Johns Hopkins, Alexander Langmuir, ya shugabanci sashen bin diddigin cututtuka. Ya tarar da ofis, bai tarar da ma'aikata ba.

Sai yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, gwamnatin Amurka ta shiga fargabar kada a kai mata hari da ƙwayoyin cuta. Langmuir ya yi amfani da wannan dama. Ya ce ko harin abokan gaba ne ko annoba ce ta Allah da Annabi, mutanen da za su fara ganowa iri ɗaya ne, don haka a horar da su. A 1951 aka buɗe shirin da ake kira EIS da mutum 23, kusan dukkansu likitoci. Da yawansu ma sun shiga ne don shirin yana maye gurbin aikin soja na dole.

Tsarin mai sauƙi ne: 'yan makonni a aji, sannan shekara 2 ana aiki a ƙarƙashin kulawar wani babba. Duk inda aka kira cewa cuta ta ɓulla, a tura ka, ka bincika, ka dawo ka rubuta rahoto, manya su yi maka gyara. Tambarin shirin har yau tafin takalmi ne mai huda, alamar cewa sai ka taka ƙasa har takalminka ya ɓule kafin ka san aikin. Mu ma muna da irin wannan magana: zuwa da kai ya fi aike.

Jarrabawarsu ta farko babba ta zo a 1955, lokacin da aka fara yi wa yaran Amurka allurar rigakafin shan inna, sai wasu suka shanye. Cikin 'yan kwanaki jami'an EIS suka gano cewa matsalar daga wasu rukunin allurai ne na kamfani guda, Cutter, inda ba a kashe ƙwayar cutar da kyau ba. Aka janye su, aka tsaurara dokokin gwaji, aka ci gaba da rigakafi. Ka ga ke nan sa ido a kan ingancin rigakafi ma aikinsu ne.

Agana a Ogoja

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan horo shi ne William Foege, wanda daga baya ya zo Najeriya yana aikin likita a wani asibitin mishan a yankin Ogoja. A watan Disamba na 1966 cutar agana ta ɓulla a wani ƙauye, ga shi rigakafin da ke hannunsu bai taka kara ya karya ba. Tsarin da aka sani a lokacin shi ne a yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na jama'a rigakafi. Hakan ba zai yiwu ba.

Foege da abokan aikinsa suka yi amfani da rediyon oba-oba na 'yan mishan, aka tura mutane ƙauye-ƙauye su dubo inda masu cutar suke. Sai suka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka rigakafi, da kasuwanni da garuruwan dangi inda suke tsammanin cutar za ta nufa. Annobar ta tsaya. Wannan dabara ta kewaye cuta kamar yadda ake yi wa wutar daji iyaka ita ce ta zama ginshiƙin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda shi ma wani tsohon ɗalibin EIS, Donald Henderson, ya jagoranta. Najeriya ta rabu da agana a 1970, kuma a 1980 aka sanar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Shi ya sa idan ka duba dantsen kakanninka za ka ga tabon lamba, kai kuma ba ka da irinsa na agana.

Horo ya iso gida

Wasu ƙasashe suka kwaikwayi tsarin: Kanada a 1975, Tailan a 1980. A Afirka, Zimbabuwe da Yuganda suka fara a farkon shekarun 1990, sannan a 2005 aka kafa ƙungiyar AFENET mai hedikwata a Kampala don haɗa kan irin waɗannan shirye-shirye.

Najeriya ta daɗe tana da 'yan duba-gari tun zamanin Turawa, kuma Makarantar Tsafta ta Kano ta yaye su da yawa. Amma ƙwararrun masu binciken annoba sun yi ƙaranci ƙwarai. Manya a cikinmu ba za su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, galibi a Arewa, ya kashe sama da 11,000.

A 2008 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da tallafin CDC da AFENET, ta buɗe shirin NFELTP. Shekara 2 ake yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a aji, sauran duk a fagen aiki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan su ne suka riƙa ba da digiri na biyu ga waɗanda suka kammala. Abin sha'awa, an haɗa likitocin mutane da likitocin dabbobi da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje a aji guda, domin cututtuka irin su murar tsuntsaye da zazzaɓin Lassa da ciwon haukan kare daga dabbobi suke tsallakowa.

Zamfara da Legas

Ba a jima ba aka ga amfanin shirin. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, shiru. Tawagar bincike da ta haɗa da ɗaliban NFELTP ta shiga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida. Suka gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin kowane huɗu.

Tambayar da ta warware ƙullin ita ce: me ake yi a cikin gidan nan? Ashe duwatsun zinariya ake kawowa ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida, kuma duwatsun cike suke da dalma. Yara suna rarrafe a ƙurar, suna kai hannu baki. Daga nan aka san abin yi: a fitar da aikin daga cikin gari, a kwashe ƙasar gidaje a zuba sabuwa, a ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. An kiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu, amma an ceto dubbai.

Bayan shekara 4, ranar 20 ga Yuli 2014, wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, kuma ita ma cutar ta yi ajalinta. Duniya ta tsorata, don Ebola a birni irin Legas ba ƙaramin bala'i ba ne. Aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, wanda aka ɗauko daga yaƙi da shan inna, kuma ɗalibai da tsofaffin ɗaliban NFELTP suna cikin waɗanda suka riƙe aikin bin sawu. Sun bi mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar a Legas da Fatakwal, ana auna zafin jikin kowa kullum har kwana 21, ziyara kimanin 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba aka ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

To kai ta ina za ka shiga?

Yanzu horon hawa uku ne. Akwai na wata 3 ga ma'aikatan da ke bakin daga, kamar jami'an sa ido kan cututtuka da ake da su a kowace ƙaramar hukuma. Akwai na tsakiya na wata 9. Sannan akwai babban na shekara 2, wanda yawanci ake ɗaukar masu digiri a likitanci ko likitancin dabbobi ko gwaje-gwaje, musamman masu aiki da gwamnati. Ana fitar da sanarwa ta shafukan AFENET da hukumar NCDC, wadda aka kafa a 2011, dokarta ta tabbata a 2018. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ka guje shi.

Kuma ba lallai sai kana likita ba. Aikin yana buƙatar nas da jami'an lafiyar muhalli da ma'aikatan lafiya matakin farko, da masu lissafi da masu kwamfuta da masu zana taswira, da masana halayyar jama'a. Idan kana jami'a, ka nemi yin watanninka na sanin makamar aiki a sashen kiwon lafiyar al'umma na ma'aikatar lafiya ta jiharku, ko a hukumar lafiya matakin farko. Idan bautar ƙasa za ka, ka nemi a tura ka irin waɗannan wurare. Lokacin zagayen rigakafi ana neman masu sa ido da masu tattara bayanai, kuma da yawa daga nan suka faro. Ka koyi Excel da kyau, sannan R da QGIS da KoboToolbox, waɗanda ukun nan kyauta ne a intanet. Ka koyi rubuta rahoto na shafi guda wanda shugaban ƙaramar hukuma zai karanta ya fahimta.

Kada kuma ka raina Hausarka. Mai binciken da zai yi sallama, ya gaisa da mai unguwa yadda ya kamata, ya san cewa uwa za ta ce "taune-taune" ko "tamowa" ba za ta faɗi sunan cuta na asibiti ba, ya fi wanda sai da tafinta. Ke kuma 'yar'uwa, akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba, kuma a cikin ɗaki amsar take.

Ma'aunin da ake bi a duniya shi ne a samu ƙwararren mai bin sawun cuta ɗaya ga kowane mutum 200,000. Idan ka lissafa, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana buƙatar fiye da 1,000. Sannan mafi yawan kuɗin da aka gina waɗannan shirye-shirye da su daga waje suka zo, kuma a 2025 Amurka ta zabtare tallafin da take bai wa ƙasashe a fannin lafiya. Cututtuka kuwa ba su rage ba: mashaƙo ya addabi Kano a 2023, Lassa na dawowa duk rani, kwalara duk damina. Dole jihohinmu su fara ware kuɗin horar da nasu, kuma dole a samu matasan da za su nemi gurbin. Idan kana cikinsu, ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambayi jami'in sa ido kan cututtuka, ka ce kana so ka bi shi fita ta gaba.