Tasirin Cimar Ingilishi a Rayuwa da Harshen Hausawa: Nazari Daga Teburin Mai Shayi a Kumbiya-Kumbiya, Gombe

1.0 Gabatarwa

Masana da dama sun yi rubuce-rubuce a kan tasirin mulkin mallaka a fannonin sarauta da shari'a da ilimi, amma ba a cika waiwayar abin da ya shiga cikin akushin Bahaushe ba. Alhali kuwa cima tana cikin abubuwan da suka fi daɗewa a jikin al'umma, domin doka takan canza a rana guda, amma ɗanɗano sai ya ɗauki zuriya. Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin wasu nau'o'in abincin mutanen Ingila, musamman shayi da sukari da burodi da kayan gwangwani, ta nuna hanyoyin da suka biyo har suka iso ƙasar Hausa, da irin kalmomin da suka shigo da su. An ɗauki Kumbiya-Kumbiya, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, a matsayin madubi. Manufar ita ce a tabbatar da cewa abin da ya kafu a nan shi ne cimar leburan masana'antun Ingila, ita kuwa cimar manyan gidajensu ta koma tare da masu ita.

2.0 Yadda Cimar Ingilishi Ta Ginu

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, wani ɓangare na abin da ake kira abincin Ingilishi ba a ƙasar Ingila yake tsira ba. Ganyen shayi daga Sin ya fito. Ya sami karɓuwa a fadar Ingila bayan da Sarki Charles na II ya auri Catherine ta gidan Braganza, 'yar Sarkin Fotugal, a 1662. Tsawon fiye da shekara ɗari shayi ya kasance abin shan masu hali, saboda tsananin haraji. Sai a 1784 majalisar ƙasar ta rage harajin daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12.5, abin da ya sa talaka ma ya kai hannu. A 1839 aka fara gwanjon shayin Assam ta Indiya a Landan, sannan a 1890 Thomas Lipton ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka a yau.

Sukari kuwa daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan ya riƙa zuwa, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka yi ta aikin bauta. Sidney Mintz, a littafinsa na 1985 a kan tarihin sukari, ya bayyana yadda shayi mai zaƙi da burodi suka zama abincin leburan masana'antu a ƙarni na 19. Dalili kuwa a fili yake: abinci ne mai arha, mai zafi, wanda ba ya bukatar dogon girki, ga shi yana ba da ƙarfin komawa bakin aiki. Soke dokokin da suka tsawwala shigo da hatsi a 1846 ya buɗe ƙofar alkamar ƙasashen waje, farin burodi ya ƙara yaɗuwa.

A ɓangaren masu hali kuma, al'adar ci ta bi wata hanya dabam. Cokali mai yatsu bai fara shiga Ingila ba sai a farkon ƙarni na 17, daga Italiya. A ƙarni na 19 aka rungumi tsarin kawo abinci kashi-kashi, kowane mutum da farantinsa da wuƙarsa da cokulansa. Shayin la'asar, wanda ake dangantawa da Anna, matar basaraken Bedford, ya bayyana wajen 1840. A wannan ƙarni ne kuma aka ƙirƙiro dabarun adana abinci don jiragen ruwa da sojoji: Peter Durand ya yi rajistar fasahar gwangwani a 1810, kamfanin biskit na Huntley & Palmers ya samo asali a garin Reading a 1822, Henry Tate kuma ya shiga yin sukari mai ƙwaya a shekarun 1870. Waɗannan kaya marasa lalacewa su ne suka iya jure tafiya zuwa ƙasashen da aka mallaka.

3.0 Cimar Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa ne suka fara kawo alkama da shayi da sukari ƙasar Hausa. Harshe da kansa ya ƙaryata wannan zato. Kalmomin shayi da sukari da gahawa da alkama da alewa duk daga Larabci aka aro su, alamar cewa ta hanyar fataucin Sahara suka iso. Ana noman alkama a fadamun Kano da na Barno tun kafin mulkin mallaka, ana sarrafa ta a yi gurasa da alkaki da funkaso da taliya. Sai dai waɗannan abinci ne na fada da gidajen attajirai da lokutan biki.

Cimar yau da kullum ita ce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa da dare, ɗumame ko koko da ƙosai da safe, fura da nono da rana. A ƙasar Gombe, inda Fulani da Terawa da Bolawa da Barebari da Hausawa suka cuɗanya, nono da man shanu suna da babban matsayi. Tsarin ci kuma na tarayya ne: a shimfiɗa tabarma, a wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da hannun dama cikin akushi guda, maza dabam, mata dabam, yaro ba ya riga babba ɗaukar nama. Karin maganar nan da ke cewa ci naka in ci nawa ba rowa ba ne, mugun zama ne, ta isa ta nuna yadda Bahaushe yake kallon wanda ya keɓe da farantinsa.

4.0 Hanyoyin Shigowa

Turawan Ingila sun kammala cin ƙasar Gombe da yaƙin Bormi a watan Yuli na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na I ya rasu. Daga baya suka ɗauke hedikwatar masarautar daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, a zamanin Sarki Umaru. Wato garin Gombe na yanzu, tare da unguwanninsa irin su Kumbiya-Kumbiya da Jekadafari da Bolari da Herwagana, ya girma ne a cikin zamanin mulkin mallaka. Ana iya rarrabe hanyoyi huɗu da baƙuwar cima ta bi.

Ta farko ita ce gidan Bature. Kowane jami'i yana da kuku da boyi, waɗanda suka koyi gasa burodi da dafa miyar Turawa da jera tebur. Tun a shekarun farko matan jami'ai suka rubuta jagora a kan wannan aiki. Constance Larymore ta fitar da littafinta a kan rayuwar matar Razdan a 1908, Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton kuma suka wallafa littafin girke-girke don Turawan Afirka ta Yamma a wajen wannan lokaci. Lambunan barikin Turawa su suka yaɗa kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, wanda ya sami gida a tsaunukan Jos.

Ta biyu ita ce kanti. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929, suka riƙa sayen gyaɗa da auduga da fatu, suna sayar da sukari da fulawa da biskit da madarar gwangwani. A Gombe, bunƙasar noman auduga a shekarun 1950, da kafa injin gurzar auduga na BCGA wanda har yau wata unguwa take amsa sunansa, da isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, su suka tara leburori da direbobi da 'yan dako masu kuɗi a hannu, waɗanda suka bar iyalansu a ƙauye.

Ta uku ita ce bariki da makarantar kwana. Sojojin Arewa da suka yi yaƙi a Bama sun dawo a tsakiyar shekarun 1940 da sabon shan shayi da cin kayan gwangwani, 'yan makaranta kuma suka saba da cin abinci da ƙararrawa, kowa da kwanonsa.

Ta huɗu ita ce baƙi daga Kudu. Sana'ar burodi ta fara ƙarfi a Ikko, inda Amos Shackleford, mutumin Jamaika, ya yi suna a kanta a farkon ƙarni na 20, sannan ta biyo layin dogo zuwa Arewa.

Bai kamata a manta cewa hanyar tana da zuwa da dawowa ba. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano ta zama man girki da man shafa wa burodi a Ingila, musamman a shekarun rabon abinci da kati, daga 1940 zuwa 1954. Haka kuma Turawan mulki sun mayar da miyar gyaɗa abincin ranar Lahadi, suna jera mata ƙananan kayan haɗi irin yadda suka koya a Indiya.

5.0 Shaidar Harshe

Kalmomin da aka aro daga Ingilishi a wannan fanni sun bi ƙa'idojin tsarin sautin Hausa. Da yake gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, an saƙa wasali tsakaninsu, kamar a burodi da fulawa. Sautin /p/ ya koma /f/, kamar a fanke da kofi. An ƙara wasali a ƙarshen kabeji da kofi, /l/ ta ƙarshe kuma ta koma /r/ a tebur. Karas daga sigar jam'i aka aro ta, amma Hausa ta ɗauke ta tilo. Ta fuskar jinsi, fulawa ta zama tamata saboda ta ƙare da wasalin /a/, burodi da kanti suka zama namiji. Sun kuma karɓi jam'in Hausa: kofuna, kantuna, teburori.

Inda ba a yi aro ba, an yi ƙirƙira: cokali mai yatsu, dankalin Turawa, kifin gwangwani, butar shayi. Ma'ana ma ta sauya. Fanken Bahaushe dunƙulallen ƙulli ne da ake soyawa cikin mai, ya bambanta da shimfiɗaɗɗen wainar da ya aro sunanta. Abin da ya fi jan hankali shi ne makomar kalmar shayi. An aro ti daga Ingilishi, amma ba ta iya ture tsohuwar kalmar Larabci ba. Maimakon haka, ma'anar shayi ce ta faɗaɗa, har ta ƙunshi duk wani ruwan zafi da aka haɗa da madara da sukari, ko da Bournvita ce babu ganye a ciki. Sunan Lipton kuma ya zama sunan kowane ƙunshin ganyen shayi.

6.0 Teburin Mai Shayi

A Kumbiya-Kumbiya, kamar sauran unguwannin Gombe, mai shayi yana kafa teburinsa bayan sallar asuba, ya sake kafawa bayan magariba. A kan teburin akwai jerin burodi da gwangwanayen madara da sukari da ƙwai, a gefe ga tukunyar ruwan zafi a kan wuta, ga bencina kewaye. Mai saye yakan nemi haɗin kauri in aljihu ya yarda, ko ruwan bunu in babu hali. Wannan shi ne karin kumallon leburan Manchester na ƙarni na 19, kusan ba tare da ragi ba, kuma dalilin da ya haife shi a can shi ya raya shi a nan: namiji mai aikin lada, wanda ba ya da lokacin jiran a dama koko.

Amma kuma an Hausantar da shi. A Ingila shayi abin cikin gida ne, uwargida ce take zubawa. A nan sana'ar maza ce, a bakin titi, kuma majalisa ce ta hirar siyasa da ƙwallo da sauraron rediyo. Ana zuba citta da kanumfari, ana sheƙa shi tsakanin kofuna biyu don ya huce, wanda ya riga zama yakan ce wa mai zuwa bisimilla. Kowa da kofinsa, amma zaman na tarayya ne. Daga shekarun 1990 taliyar Indomie, wadda asalinta Indunusiya ne, ta hau teburin ita ma.

7.0 Abin da Sauyin Ya Jawo

Wannan sabo yana da tsada. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, kuma cikin shekaru ashirin burodi ya zama abincin birane. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985, sun kira wannan hali tarkon alkama, domin ƙasa ta saba da abin da ba ta iya nomawa da yawa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma noman gida bai cike giɓin ba, aka janye hanin a farkon shekarun 1990. Ƙoƙarin noman rake a Bacita da Numan, da na shayi a tsaunin Mambila, bai wadatar da bukata ba. Sakamakon haka, duk lokacin da darajar naira ta faɗi, ko yaƙi ya ɓarke a ƙasashen da ke noman alkama kamar yadda ya faru a Yukren a 2022, sai burodin mai shayin Kumbiya-Kumbiya ya ƙanƙance.

Harshe ma ya yi asara. Kalmomi irin su akushi da ƙoshiya da mara da ludayin duma da gidauniya suna ja da baya a bakin yaran birni, tare da karin maganganun da aka gina a kansu.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa Hausawa ba su ɗauki cimar Ingilishi ɗungurungum ba. Sun bar wuƙa da cokali mai yatsu da shayin la'asar, tuwo kuma bai bar matsayinsa na abincin dare ba. Abin da suka karɓa shi ne abincin gaggawa na ma'aikaci, suka sa masa tsohon sunan Larabci, suka zaunar da shi a kan ladubban cinsu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya tafi a 1960 ya bar guzurinsa. Ya rage ga masana harshe su tattara kalmomin girki da na kayan ci, tsofaffi da sababbi, a Hausa da Fulfulde da Tera da Bolanci, tun tsofaffin da suka san su suna raye.