Rendang da Gidajen Abincin Padang a Indonesiya

Rendang naman sa ne da ake dafawa cikin madarar kwakwa har ruwan ya ƙone ƙurmus. Asalinsa na Minangkabau ne, al'ummar Musulmi da ke zaune a tsaunukan yammacin tsibirin Sumatara. Ana haɗa naman da barkono, citta, kurkur, tafarnuwa, albasa da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa na tsawon sa'o'i. Tun yana da romo sunansa gulai, idan ya yi kauri ya zama kalio, sai man kwakwar ya fito ya soya naman ya yi baƙi sannan ya cika rendang. A da naman ɓauna aka fi amfani da shi. Barkonon kuwa baƙo ne: daga nahiyar Amurka ya zo, ta hannun Turawan Fotugal da suka kama birnin Malaka a 1511.

Abin da ya fitar da wannan girki daga ƙauyukansa shi ne tsarin gadon Minangkabau. A wurinsu gida da gonar dangi ta wajen uwa ake gadonsu, don haka saurayi kan bar gari ya tafi neman ilimi ko arziki, al'adar da suke kira merantau. Mai tafiyar makonni a jirgin ruwa na bukatar guzurin da ba ya lalacewa, rendang kuma yana jure zafi kamar yadda dambun nama ke yi. Har yanzu alhazan yankin na ɗaukarsa zuwa Makka, kuma shi ne abincin Sallah da na biki. Dattawa ma sun ba kayan haɗinsa ma'ana: nama shugabannin dangi ne, kwakwa masu ilimi, barkono malaman addini saboda kaifin nasiharsu, sauran kayan ƙamshi kuma jama'ar gari.

Matafiyan nan ne suka buɗe gidajen abincin da ake kira na Padang, da sunan babban birnin lardinsu. Ƙaurar ta ƙaru bayan tawayen da 'yan PRRI suka yi a yankin a 1958, wanda gwamnatin Jakarta ta murƙushe, har ya zama da wuya a shiga wani gari a ƙasar ba a ga tagar gilashi da aka jera faranti kan faranti ba. Salon hidimarsu abin kallo ne. Ma'aikaci kan taho da ƙananan faranti birjik a jere bisa hannu ɗaya, ya cika tebur da su ba tare da an yi oda ba. Wanda aka taɓa kaɗai ake biya. Wasu matafiyan kuma suka kai girkin Negeri Sembilan a Malesiya, shi ya sa ƙasashen biyu ke yawan jayayya kan wa ya mallake shi.

Hukuma ta makara wajen gane darajar abin da talakawa suka riga suka yaɗa. Sai da masu karanta shafin CNN suka zaɓi rendang a matsayin abinci mafi daɗi a duniya a 2011, suka maimaita a 2017, sannan ma'aikatar yawon buɗe ido ta sa shi a 2018 cikin abinci biyar na ƙasa, tare da soto, sate, nasi goreng da gado-gado. Yanzu baƙi na zuwa kasuwar garin Bukittinggi a ƙasar Minangkabau cin wani abinci mai suna nasi kapau, su wuce garin Payakumbuh inda ake dafa rendang a manyan tukwane ana ɗurawa a leda don kaiwa waje. Sai dai yawancin abin da ake sayar wa masu gaggawa a birane kalio ne, domin dafa na ainihin yana cin itace da lokaci, naman kuma yana raguwa sosai a kan wuta.