Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Tarihin Gini Da Ruwa A Nguru, Gashua Da Machina

Duk wanda ya bi hanyar Gashua zuwa Nguru a 'yan shekarun nan zai ga yadda gine-gine ke cin gonakin bakin gari. Ga rukunin gidaje, ga ɗakunan haya na ɗalibai da ma'aikata, ga filaye da aka yanka ana jiran bulo. Muna murna da wannan ci gaba. Sai dai tarihin yankinmu ya nuna cewa ɓarnar muhalli ba ta cika zuwa daga aiki guda ba. Taruwa take yi kaɗan-kaɗan, har a wayi gari ta fi ƙarfin kowa, kuma a rasa wanda za a kama da laifi.

Garuruwanmu sun bunƙasa ne a mataki-mataki. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, sai garin ya zama matattarar gyaɗa, fatu da ƙiraga, ƙaro da busasshen nama. A 1946 hedikwatar masarautar Bade ta tashi daga Gogaram ta koma Gashua. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe, a 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashua. Kowane mataki ya jawo baƙi, kowane baƙo kuma yana buƙatar wurin kwana.

A da, da ƙasa ake gini. Ramin da aka haƙa don yin tubali shi ne ke zama kududdufi, kuma shi ke karɓar ruwan unguwa idan damina ta kankama. Iyayenmu sun kuma san inda ambaliya ke tsayawa, sai su bar wa fadama wurinta. Da siminti ya shigo, fili kuma ya yi tsada, aka fara cike kududdufai da shara ana sayarwa. Birnin Kano ya riga mu shiga wannan hali: an cike kududdufai masu yawa an yi gini a kansu, yau ruwan sama na 'yan sa'o'i kan mamaye tituna ya shiga gidaje. Wanda ya cike rami ɗaya bai jawo ambaliya ba, amma ramuka hamsin idan suka tafi, ruwan da suke ɗauka sai ya nemi ɗakin wani.

Babban darasin yana cikin kogunanmu. Dausayin Hadejia da Nguru yana rayuwa ne da ambaliyar kogin Hadejia da na Jama'are. A shekarun 1960 ruwa kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka, ana noman shinkafa, ana su, makiyaya na samun ciyawar rani. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 aka ƙara ta Challawa, domin noman rani da ruwan shan Kano mai ta faɗaɗa. Ga kuma farin shekarun 1970 da 1980. Kowane aiki yana da hujjarsa, amma da suka haɗu sai ambaliyar ta ragu zuwa ƙasa da rabi a shekaru da dama.

Abin bai tsaya nan ba. Ruwan da ake saki daga madatsu da rani ya hana magudanai bushewa, sai kachala ta samu wurin zama. Ita da laka suka toshe tsofaffin hanyoyin kogi, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikin kachala suna cinye hatsi. Duk da an sanya tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, gyaran ya ci gaba da wahala, domin babu hukuma ɗaya da ta yi ɓarnar balle ta ɗauki nauyinta ita kaɗai.

Haka lissafin gidaje yake. Kowane gida yana buƙatar yashi, kuma daga bakin kogi tifa ke ɗebo shi. Yana buƙatar rijiyar burtsatse da masai, sau da yawa kusa da juna. Yana buƙatar itace ko gawayi kullum, a yankin da rairayi ke matsowa daga arewa, kamar yadda mutanen Machina da Yusufari suka sani sarai. Tsakar gidan da aka dafe da siminti kuma ba ta shan ruwa, sai ta tura shi lungu. Ambaliyar 2022 da ta rusa gidaje a Gashua da kewaye ta nuna mana abin da ke faruwa idan ruwa mai yawa ya taras da gari a kan hanyarsa.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli, Doka ta 86 ta 1992, ta wajabta cikakken bincike ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Mafi yawan gine-ginenmu ba su kai haka ba. Unguwanni goma masu hekta goma-goma sun ninka wancan ma'auni, amma ana duba kowace ita kaɗai, idan ma an duba.

Saboda haka aiki ya dawo kanmu. Mu zauna da dattawa da masu unguwanni mu rubuta sunayen tsofaffin kududdufai da hanyoyin ruwa tun masu sani na raye, mu miƙa wa ƙananan hukumomi da masarautu domin a hana yanka su. Duk mai son gina rukunin gidaje mu tambaye shi inda ruwan saman wurin zai bi, da tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, da yawan bishiyoyin da zai dasa a madadin waɗanda ya sare. Mai sayen fili kuma ya je ya gan shi a watan Agusta kafin ya biya kuɗi.

Allah Ya kare mana garuruwanmu, Ya ba mu damina mai albarka.